Launi a Kan Yumɓu: Kayan Fenti da Dabarun Shafa Su a Mutum-mutuman Tanagra na Tsohuwar Girka

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duban launukan da maginan tsohuwar ƙasar Girka suka riƙa shafa wa ƙananan mutum-mutuman gasasshen yumɓu, musamman waɗanda aka sani da sunan Tanagra, na tsakanin shekarar 330 da 200 kafin Miladiyya (K.M.). Za a bi aikin daki-daki, tun daga cuɗa yumɓu har zuwa manna zinariya, a nuna inda kowane launi ya fito da yadda aka sarrafa shi. Manufar ita ce a tabbatar da cewa ɗan ɓurɓushin fentin da ya saura a jikin waɗannan kaya shaida ce ta tarihi, wadda take ba da labarin fatauci, da rabon aiki tsakanin masu sana'a, da hidimar da masu kayan suka yi musu, kuma take tona asirin jabu.

1. Gabatarwa

An daɗe a ƙasashen Turai ana ɗaukar cewa sassaƙar Girkawa fara ce fat. Bajamushe Johann Winckelmann, a littafinsa na tarihin fasahar mutanen da wanda ya fito a 1764, ya ɗaukaka farin marmara ya mai da shi ma'aunin kyau, malamai da yawa kuma suka bi sahunsa. A wajen 1815 Bafaranshe Quatremère de Quincy ya kawo hujjoji cewa Girkawa suna yi wa sassaƙarsu launi, amma aka ci gaba da gardama shekara da shekaru, domin ruwa da rana sun riga sun wanke marmaran da ke tsaye a fili. Ƙananan mutum-mutuman yumɓu ne suka taimaka wajen kashe bakin masu musu. Su a cikin kaburbura suka kwana fiye da shekara dubu biyu, ba rana ba ruwan sama, sai ga su sun fito da shuɗinsu da jansu da zinariyarsu.

Kafin mu shiga cikin magana, ya kamata mu daidaita kalmomi uku. Mun zaɓi «mutum-mutumi» mun bar «gunki», domin yawancin waɗannan siffofi na mata ne da yara cikin suturar yau da kullum, ko da yake an kai wasunsu wuraren bauta. Mun kira abin da Faransawa ke ce wa pigment «garin launi», wato gari wanda ba ya narkewa cikin ruwa, sai an haɗa shi da wani abu mai danƙo kafin ya kama jiki. Wannan ya bambanta shi da «rini», irin na baba ko karan dafi, wanda yake narkewa ya shige cikin zare ko fata. Farin shafen da ake fara yi wa yumɓu kafin a sa launi kuwa, mun kira shi «shimfiɗa».

2. Tanagra da yadda aka tone ta

Tanagra ƙaramin birni ne a lardin Beyotiya, gabas da Tebes, arewa da Atina. Daga wajen 1870 manoman yankin suka fara cin karo da tsofaffin kaburbura a gonakinsu, da dillalai suka nuna kuɗi sai tono ya zama sana'a. Cikin ƴan shekaru aka fasa dubban kaburbura, ba wanda ya rubuta abin da aka samu a wane kabari, ko tare da me. Da Ƙungiyar Binciken Kufai ta Atina ta tura Panayiotis Stamatakis don ya tsai da ɓarnar ya kuma yi tono bisa ƙa'ida, mafi kyawon kayan sun riga sun haye teku. A babban baje kolin duniya na birnin Pari a 1878 aka nuna su ga jama'a, attajirai suka yi ta rububinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Sunan Tanagra ya bi su ne saboda can aka fara ganin su da yawa. Binciken Dorothy Burr Thompson a kan tarkacen maginan kasuwar Atina ya nuna cewa salon a Atina aka ƙirƙiro shi, a wajen rabi na biyu na ƙarni na 4 K.M., daga nan ya bazu zuwa Beyotiya, da Makedoniya, da Iskandariyya ta Masar, da kudancin Italiya, da gaɓar Asiya Ƙarama. A Mirina, da ke gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau, Edmond Pottier da Salomon Reinach sun yi tono daga 1880 zuwa 1882, suka sami ɗaruruwan mutum-mutumai, wasu da sunan maginin a rubuce a bayansu, kamar Difilos.

Yawancin ƴan Tanagra tsawonsu bai wuce santimita 10 zuwa 25 ba. Mace ce a tsaye ta naɗe jikinta da mayafi, wani lokaci da mafici a hannu ko ƴar malfa mai tsini a ka. Mai yin su Girkawa na kiransa koroplatos, wato mai ƙera ƴan tsana, kuma ba a ɗauki sana'arsa da daraja ba: a wani jawabi na wajen 353 K.M., Izokiratis ya kawo misali cewa cin fuska ne a kira babban masassaƙi Fidiyas da wannan suna. Duk da haka, za mu ga cewa kayan da wannan ƙaramin mai sana'a yake aiki da su, su ne dai waɗanda manyan masu zane na zamaninsa suke saye.

3. Daga yumɓu zuwa wuta

Magini yana fara ƙera siffa ta asali da hannu, ya gasa ta, sa'annan ya danna ɗanyen yumɓu a kanta ya ciro mazubi, abin da Faransawa ke kira moule. A cikin wannan mazubi ake danna yumɓu mai kaurin ƴan milimita, gaba daban baya daban, a haɗa su da ruwan yumɓu. Kai da hannuwa da mafici sau da yawa mazubinsu daban ne, don haka daga jiki ɗaya ana iya fitar da mata iri-iri, a karkata kan wannan hagu, a ba waccan malfa. A baya ana yanke ƴar taga don tururi ya fita kada wuta ta fasa aikin. Idan wani magini ya sayi gasasshen mutum-mutumi ya ciri sabon mazubi daga jikinsa, abin da zai fito zai fi na farko ƙanƙanta da misalin kashi ɗaya cikin goma, saboda yumɓu yana tsukewa in ya bushe ya kuma sha wuta. R. V. Nicholls ya nuna a 1952 cewa da wannan tsukewa ana iya jera siffofi kamar zuriya, a san uwa a san jika.

Ana gasa su a zafin da ke tsakanin digiri 750 da 950. A nan ne tambayar launi take tasowa. Maginan tukwanen Atina sun gwanance wajen fitar da baƙi da ja daga yumɓu kansa, ta hanyar buɗe wa matoya iska, a toshe, a sake buɗewa. Tsofaffin mutum-mutuman Beyotiya na farkon ƙarni na 6 K.M., masu jiki shafal kamar allo, da wannan dabara aka yi musu zane. Sai dai launukan da wuta ke bayarwa ƙalilan ne, sauran kuwa wuta maƙiyiyarsu ce: rawayar ƙasa tana juyewa ja tun zafi bai kai digiri 300 ba, koren dutsen tagulla yana baƙi, rinin saiwa yana ƙonewa ƙurmus, jan zaiba kuma yana tashi ya bi hayaƙi. Wanda duk yake son ruwan hoda da kore da rawaya, dole ya jira aikin ya fito daga wuta ya huce. Daga ƙarshen ƙarni na 6 K.M. wannan hanya ta fenti bayan gashi ta rinjaya. Ribarta yalwar launi, hasararta kuwa rashin ƙarko, domin fentin a saman yumɓu kawai yake zaune, danshi kaɗan ko guga sai ya ɓare.

4. Farar shimfiɗa

Gasasshen yumɓu ja ne ko ruwan ƙasa, yana da ƙofofi masu shan ruwa. In aka shafa masa launi kai tsaye, sai ya shanye danƙon ya kuma dusashe hasken. Saboda haka ake fara rufe shi da farar shimfiɗa, kamar yadda mai zanen bango yake yin shafe kafin ya sa ado.

Reynold Higgins na Gidan Tarihin Birtaniya, wanda littattafansa na 1967 da 1986 suka daɗe suna jagora a wannan fanni, ya tafi a kan cewa ruwan farin yumɓu ne ake tsoma siffar ciki ko a shafa mata kafin gashi. Awon da aka yi daga baya, musamman a kan kayan gidan tarihin Lubur na Pari, ya sa an sake duba maganar. An iske cewa shimfiɗar kayan Atina da Beyotiya yawanci kawolin ce, wato tatacciyar farar ƙasa. Ita kuwa kawolin, in zafi ya kai wajen digiri 550, tsarin ƙwayoyinta yana rushewa, ba ya kuma dawowa. To idan hasken ekis ya nuna ƙwayoyin nan suna nan lafiya a kan jikin da ya sha wutar digiri 800, ba makawa bayan gashi aka shafa ta. A wasu wuraren kuma an sami alli, ko jibsin, ko farar dalma a madadin kawolin, wani lokaci biyu a jere, mai kauri a ƙasa mai laushi a sama, an goge ta har ta yi santsi.

Farar dalma haɗa ta ake yi. Tiyofrastus, almajirin Aristotal, ya bayyana yadda ake yi a ɗan littafinsa a kan duwatsu, wanda ya rubuta a wajen 315 K.M.: a ɗora guntun dalma bisa ruwan inabi mai tsami cikin tulu, a rufe kamar kwana goma, a kankare farin da ya tsiro a jikinta, a mayar, har dalmar ta ƙare, sa'annan a niƙa a wanke. Wannan gari shi ne kuma hodar da matan Atina suke shafawa a fuska, an ma same shi cikin ƴan batta a kaburburansu. Wato ke nan, abin da mace ta yi kwalliya da shi, shi ne wani lokaci aka yi wa siffarta kwalliya da shi.

5. Launuka da asalinsu

5.1 Ja da rawaya

Mafi yawan ja da rawaya da ruwan ƙasa daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe suke, irin jar ƙasar da mu ma muka sani. Girkawa suna ce wa jar miltos, rawayar kuma okra. Kada arharta a idonmu ta ruɗe mu, domin mai kyau daga cikinta hukuma ce take sa mata ido. Tiyofrastus ya ce ta tsibirin Keyos ta fi kowace. An kuwa sami wani rubutu a kan dutse na tsakiyar ƙarni na 4 K.M. wanda ke nuna Atina ta sa garuruwan Keyos sun yi doka cewa ba a fitar da miltos sai zuwa Atina, cikin jirgin da aka ƙayyade, har da alkawarin ƴanta bawan da ya tona mai fasa-ƙwauri. Wata jar ƙasar daga Kafadokiya take zuwa, amma ta ɗauki sunan Sinob, tashar Baƙin Teku inda ake lodinta. Tiyofrastus ya kuma ba da labarin wani Kidiyas wanda ya lura, bayan wata gobara, cewa rawayar ƙasa da ta sha wuta ta koma ja, daga nan aka riƙa gasa ta da gangan.

Ja mai tsada shi ne kinabari, haɗin zaiba da kibiritu, mai haske kamar jini. Ana samo shi daga Iberiya da Kolkis, ana kuma tace shi daga wani yashi kusa da Afisa. A kan ƴan Tanagra ba a yin almubazzaranci da shi: a leɓe ake ɗiga shi, ko a bakin mayafi, ko a gauraya kaɗan da fari a sami launin fata. Yana da aibi ɗaya, haske yana mai da shi baƙi. Bitrubiyus, maginin Rum na ƙarni na 1 K.M., ya kawo labarin wani magatakarda mai suna Faberiyus wanda ya shafe bangon tsakar gidansa da shi, cikin kwana talatin ya ɓaci. A zamanin Filini Babba, wanda ya kammala kundinsa a wajen 77 Miladiyya, hukumar Rum ta ƙayyade cewa kada farashin laba ɗaya ya wuce sastar 70. Wannan lissafin Rum ne, ya zo bayan Tanagra da ƙarni uku, amma yana nuna matsayin wannan launi a kasuwa.

5.2 Shuɗin Masar

Shuɗin ƴan Tanagra kusan duka iri ɗaya ne, wanda ake kira shuɗin Masar. Ana ɗaukar sa a matsayin garin launi na farko da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa, domin Masarawa suna yin sa tun kafin shekarar 2500 K.M. Kayan haɗinsa huɗu ne: rairayi, da alli, da tagulla, da kanwa. Ana niƙa su tare, a cura ƴan dunƙule, a zuba cikin tukwane a gasa a zafin digiri 850 zuwa 1000 na sa'o'i masu yawa. Aikin kanwa a nan shi ne ta sauƙaƙa narkewa, don sauran su haɗu ba tare da zafi ya wuce kima ba. In ya wuce, sai a sami gilashi kore a maimakon shuɗi. Bitrubiyus ya bayyana wannan haɗi, ya ce daga Iskandariyya wani Bestoriyus ya kai sana'ar garin Futiyoli na Italiya. A tsibirin Kos ma an tono wata ma'aikata ta ƙarni na 1 K.M. da dunƙulen shuɗin a cikinta, abin da ke nuna cewa Girkawa ba saye kaɗai suka tsaya yi ba.

Wannan shuɗi yana da halin da mai fenti dole ya sani. Ƙarfinsa yana ga girman ƙwayarsa: in an bar shi da tsaki-tsaki ya yi duhu, in an niƙa shi liƙis ya koɗe ya yi fari-fari. Tiyofrastus ya ambaci mataki huɗu da ake fitarwa daga dunƙule ɗaya ta hanyar niƙa. Amma manyan ƙwayoyi ba sa rufe fili sosai, kuma su ne farkon zubewa. Maganin da masu sana'a suka samo shi ne su fara shafa ruwan toka ko baƙi a ƙasa, sa'annan su ɗora shuɗin, sai ya yi zurfi ba tare da an kashe gari mai yawa ba. Shahararren misali shi ne wadda ake kira «Uwargida mai shuɗi» a Lubur, ta wajen 330 zuwa 300 K.M., mai tsawon santimita 32 da ƴan kai, mayafinta shuɗi da faffaɗan baki na zinariya.

A 2009 Giovanni Verri ya bayyana wata dabara wadda ta buɗe sabon babi. Idan aka haska shuɗin Masar da fitila, yakan mayar da wani haske wanda ido ba ya gani, na can bayan ja, a wajen nanomita 910. Kyamarar da aka gyara don ɗaukar wannan haske tana nuna kowace ƙwaya tana ƙyalli, ko da a wurin da ido ke ganin yumɓu tsirara. Da ita aka gano shuɗi a mayafan da ake zaton ba su taɓa ganin fenti ba, da ita kuma aka nuna, a wani bincike da ya fito a 2023, ragowar adon tufafi a sassaƙar Fartenon da ke Landan.

5.3 Ruwan hoda da shunayya

Ruwan hodar da ya cika tufafin ƴan Tanagra da na Mirina daga rini aka samo shi. Saiwar wani tsiro ce, wanda Larabawa ke kira fuwwa, Faransawa kuma garance. Tun da rini narkewa yake yi, sai an ba shi jiki: a jiƙa saiwar a tace ruwanta, a sa alam ko farar ƙasa ta kama launin, ya kwanta a gindin tukunya, a shanya ya zama gari. Ana gane shi cikin sauƙi domin a ƙarƙashin fitilar ultrabiyole yana walƙiya da ruwan goro. Shunayyar sarauta, wadda ake tatsa daga dodon-koɗin teku, an sami alamarta a kaya ƴan ƙalilan. Abin da aka fi yi shi ne a gauraya shuɗin Masar da wannan ruwan hoda, ko a shafa ɗaya bisa ɗaya, a sami shunayya mai sauƙin kuɗi.

5.4 Kore, baƙi da ƙarafa

Kore shi ne mafi ƙaranci. Inda aka same shi, malakit ne, wato koren dutsen tagulla, ko wani ɗan'uwansa da ake kira konikalsit, ko koriyar ƙasa, ko kuma haɗin shuɗi da rawaya. Baƙi daga gawayi ko kunkunniya yake. Zinariya ana buge ta ta yi fale-fale fiye da fatar albasa, a manna ta a ƴan kunne, da kambi, da bakin tufa, sau da yawa a kan shafen rawaya ko jar ƙasa wanda yake ƙara mata ɗumi ya kuma ɓoye gurbin da ta tsage. An kuma gano fallen kuza a wasu wurare, mai kwaikwayon azurfa, wanda a yau ya rine ya koma toka-toka har a ɗauke shi datti.

6. Hannun mai fenti

Abin da ya haɗa gari da shimfiɗa shi ne ya fi saurin ruɓewa cikin ƙasa. A zanen bangon kaburburan Makedoniya na wannan zamani an gano ƙwai da ƙaron itace, su ne kuma ake kyautata zaton an yi aiki da su a kan yumɓu, tare da danƙon fata. Aikin yana bin tsari: a shafe manyan filaye tukuna, tufa da fata da gashi, sa'annan a dawo da siririn buroshi a ja gira, da bakin ido, da ƙwayar ido, da leɓe, a fuskar da ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Akwai al'adar da aka gada tun da daɗewa, fatar mace fara mai ɗan ja, ta namiji ja mai duhu. Gashi yawanci jaja-jaja ne. A kayan da suka fi inganci ana ganin launi bisa launi, sirara-sirara, da ɗan duhu a cikin ninkin mayafi don ya ƙara zurfi.

Wannan ya kai mu ga dangantakar ƙaramar sana'a da babba. Filini ya ce manyan masu zane irin su Afelis da launi huɗu suka yi suna: farin Milos, rawayar Atika, jan Sinob, da baƙi. Ya kuma ruwaito cewa da aka tambayi masassaƙi Faraksitelis wanne ya fi so cikin ayyukansa na marmara, sai ya ce waɗanda mai zane Nikiyas ya sa wa hannu. Allunan Afelis da Nikiyas duk sun hallaka, fentin marmara kuma ya wanke. Ƴan Tanagra, waɗanda tsayuwarsu da naɗin mayafinsu suka yi kama da manyan sassaƙa na ƙarni na 4 K.M., suna cikin ƴan shaidun da suka rage na yadda idon mutanen wancan zamani yake son launi. Kuma tun da mazubi ɗaya yana haifar da kwafi da yawa, fenti ne yake raba su: wannan ta sami jar ƙasa da fari kawai, ƴar'uwarta ta sami shuɗi da kinabari da zinariya. Bambancin farashi, da bambancin masu saye, a nan yake.

7. Launi a matsayin shaida

Binciken Brigitte Bourgeois da Violaine Jeammet a kan kayan Lubur, wanda aka buga wani sashensa a mujallar Technè a 2014, ya nuna cewa wasu mutum-mutumai an sake musu fenti tun a zamanin da: a ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin sabuwar shimfiɗa bisa tsohon launi, wani lokaci ma an sauya launin tufar. Ma'anar wannan babba ce. Abin da aka saya don a binne shi gobe ba ya bukatar gyara. Wanda aka sake wa fenti ya zauna ke nan a gida ko a wurin bauta, ya koɗe, aka sabunta shi, kafin ya bi mai shi kabari. Wannan ya dace da lissafin kuɗin haikalin tsibirin Delos, inda aka rubuta abin da ake kashewa wajen wanke siffofin alloli da yi musu ado.

Launi kuma yana kama ɓarawo. Da kasuwa ta buɗe bayan 1870, sai ƴan jabu suka shigo: a ɗora kan wata a jikin wata, a cike giɓi da filasta, a shafe duka da sabon fenti, ko ma a ƙera sabuwa fil daga mazubin da aka ciro a jikin tsohuwa. Reinach ya yi ta kashedi tun shekarun 1880 game da wasu gungu-gungun siffofi da ake cewa daga Asiya Ƙarama suke. Awo ya gaskata shi. Shuɗin Furusiya a wajen 1706 aka ƙirƙiro shi a Barlin, shuɗin lazurdi na masana'anta kuma a wajen 1828. Duk inda aka same su a jikin ƴar Tanagra, hannun ƙarni na 19 ne. Awon hasken da yumɓu ke fitarwa in an ɗumama shi, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe, ya tona jabu da dama a tarin gidan tarihin Barlin, har aka baje su gefe da gefe da na gaskiya a 1994.

8. Kammalawa

Mun ga cewa a jikin siffa mai tsawon taƙi ɗaya ana iya samun kanwa da tagulla da aka gasa bisa dabarar Masar, da zaibar Iberiya ko Afisa, da jar ƙasar da Atina ta yi wa doka, da rinin saiwa, da zinariya. Mun ga kuma cewa mafi yawan abin da aka sani a yau, daga ɓurɓushin da bai kai ƙwayar gero ba aka karanto shi. Abin da ya ɓace a Tanagra ta hanya biyu ya ɓace: masu tono sun raba kaya da kaburburansu, dillalai da masu tarawa kuma sun wanke su sun goge don su yi kyan gani.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. An gano maƙabartar Bura, a yankin Tera, a 1975, Boubé Gado na Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta jami'ar Yamai ya yi tono a wurin a 1983. Bayan baje kolin kayan kwarin Kwara da aka buɗe a Pari a 1993, ƴan sari suka afka wa yankin kamar yadda aka yi wa Tanagra, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura, tare da na Nok, cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a shekarar 2000. Tambayar da aka yi wa ƴan Tanagra ana iya yi wa kowane gasasshen yumɓu: me aka shafa masa, kafin wuta ko bayanta, daga ina aka samo shi, sau nawa aka sabunta? Amsar tana kan fatar kayan. Don haka ɗalibin da ya ciro guntun tukunya ko kan mutum-mutumi daga rami, ya rubuta inda ya same shi, ya ɗauki hotonsa, ya bar shi ya bushe a inuwa da ƙasarsa, kada ya kai shi bakin ruwa da buroshi kafin mai awo ya duba.